Gidan da Aka Fara wa Fenti Daga Ƙasa

Da na dawo gida bayan shekarun karatu a nesa, ban ɗauki makonnin da ke gabanin Kirsimeti a bakin komai ba. Gani nake hayaniya ce kawai. Lasifika a kowace kwana, bishiyoyin roba a ƙofar shaguna, cunkoson motoci, kowa na sauri kamar an ce gobe za a rufe kasuwa har abada. Na ɗauka babu abin da ya kai a zauna a rubuta a ciki. Wani gidan bene ne a layinmu ya sauya mini tunani. An shafa masa fenti daga ƙasa zuwa tsakiya, an bar samansa da tsohuwar fatarsa. Ni ban ga aibu ba, amma duk mai fentin da ya biyo ta wurin sai ya rage tafiya, ya ɗaga kai, ya girgiza shi. Bin diddigin wannan girgiza kai ne ya kai ni ga mutumin da ake kira Ƙadangare.

Tun yana saurayi aka laƙaba masa sunan, saboda yadda yake manne wa bango. Inda wasu ke tsayawa su auna tsani da ido, shi ya riga ya kai bakin rufi, bokiti a hannu ɗaya, yana fito. Gajere ne, mara jiki, farcensa ba ya rabuwa da launi ko ranar Lahadi. Ɗaki biyu suke haya shi da matarsa da 'yan biyunsu mata, kuma kowane bango a ɗakunan da kalarsa daban, domin da ragowar fentin gidajen mutane yake shafa nasa. Matar, wadda kowa ke kira Maman 'yan biyu, tana sayar da kayan roba a bakin kasuwa, bokitai da kwanduna da kujerun yara. Takan ce ita kaɗai ce macen da ke kwana a cikin bakan gizo.

A sana'arsu, ƙarshen shekara shi ne kakarsu. Mutumin da ya shekara yana kallon bangonsa na ɓarewa bai damu ba, da ya ji baƙi na tafe sai ya tuna da mai fenti. Coci na so, shago na so, mai gidan haya ma da ba ya gyara komai yakan ce a ɗan wanke wa gaban gidan fuska. A irin wannan lokaci sai an yi wa Ƙadangare magana tun da wuri kafin a same shi.

Sai ga shi a daminar bara tsani ya zame da shi a kan jiƙaƙƙen siminti. Ya karye a cinya, ya yi watanni a kwance yana kallon bangonsa masu launi. Ƙashi ya haɗe, ya miƙe, ya koma aiki da ɗan ɗingishin da sai mai lura ke gani. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne, ranar da ya fara jingina tsani bayan jinya, yana ɗora ƙafa gwiwoyinsa suka kama rawa, bangon ya yi kamar yana matsawa baya. Ya sauko ya ce wa mai gidan ya manta buroshi.

Daga nan ya zama mai zaɓen aiki. Katanga, ƙofar ƙarfe, gaban shago, gidan ƙasa wanda rola mai doguwar sanda ke isa ko'ina. In aka kawo aikin bene sai ya ce hannunsa a cike yake. A gida kuwa cewa yake yi aikin bene ya yi ƙaranci a garin, yara sun lalata sana'a.

Yawancin aikinsa ta hannun mai shagon fenti yake zuwa, wani abokinsa mai tumbi da ake kira Galan. Wata safiya a farkon Disamba Galan ya kira shi.

"Ƙadangare, na samo maka aiki mai tsabta. Wata tsohuwar malamar makaranta ce. 'Yarta za ta zo Kirsimeti da jikokin da ba su taɓa ganin gidan ba. Ɗan ƙaramin gida ne."

"Ƙarami ka ce?"

"Kamar akwatin ashana. Na ce mata babu kamarka, har ta sayi fenti."

Galan bai yi ƙarya ba, gidan ƙarami ne. Sai dai akwatin ashanar a tsaye yake. Bene ne siriri, mai baranda a sama, da katako zagaye da bakin rufi wanda babu sandar da za ta iya masa, sai hannu da buroshi. Ƙadangare na tsaye yana neman abin da zai ce ya zame, Malama ta fito da gilashinta a kan hanci, ta kama hannunsa da nata biyun.

"Ɗana, sannu da zuwa. Ruwan ƙwai nake so, bakin rufin kuma shuɗi. Haka marigayi ya yi masa shekarar da muka tare. Ina so yaran nan su gan shi yadda uwarsu ta san shi."

"To, Mama," in ji shi. Bakinsa ne ya amsa, shi kansa bai shirya ba.

Duk wanda ya taɓa riƙe buroshi ya san daga sama ake farawa, a gangaro, domin abin da ya ɗiga ya faɗa inda ba a shafa ba tukuna. Wannan ne abu na farko da ake koya wa ɗan koyo, tun kafin a ba shi damar buɗe gwangwani. Ƙadangare ya fara daga ƙasa. Ya kankare, ya cike tsaguwa, ya shafa, ya sake shafawa. Ya yi katanga ciki da waje, ya yi ƙofa, ya yi ƙarafan taga ɗaya bayan ɗaya, har tukwanen furanni ya shafa. Tsanin na kwance a gindin katanga, kullum da safe sai ya tsallake shi kamar bai gani ba. Malama kuwa sai sa masa albarka take yi, tana cewa ba ta taɓa ganin mai fenti mai natsuwa irinsa ba.

Layin ya cika da hidimar biki. Tela na kwanar layi ya fito da kekensa waje saboda shagon ya cika da yadi. Masu kitso sun jera kujeru har bakin kwata, yara na koyon waƙoƙi a cocin da ke bayan gidan, suna maimaita baiti ɗaya har makwabta suka haddace. A cikin wannan hada-hada gidan Malama ke tsaye, ƙasansa na sheƙi, samansa a koɗe, kamar mutumin da ya sa sabon wando da tsohuwar riga.

Ranar da Galan ya kawo ƙarin fenti a bayan babur, bai sauka da wuri ba. Ya daɗe yana kallon gidan. Mutum ne mai barkwanci, amma ranar a hankali ya yi magana.

"Mutumina, wane ne ya koya maka wannan sabon salo?"

"Bangon sama bai gama bushewa ba."

"A Disamba?" Galan ya sauke gwangwanin. "Ka ji, masu fenti sun fara zancen a shagona. Na ce musu tsohuwar ce ta ce a yi haka. Amma baƙinta sun kusa. In mako ya ƙare ba ka hau ba, dole in turo yara su ƙarasa. Kuma ka san bakin 'yan sana'a. In wani ya ƙarasa maka bene, ka zama mai fentin katanga ke nan har ka tsufa."

Ƙadangare ya ci gaba da goge buroshin da tuni ya fita fes.

Da rana a ranar, Maman 'yan biyu ta biyo da abincinsa, abin da ba ta cika yi ba a lokacin ciniki. Matar mai fenti ce ta shekara da shekaru. Ta kalli gidan, ta kalli tsanin da ciyawa ta fara kwanciya a ƙarƙashinsa, ta kalli mijinta. Ta ajiye kwanon, ta ce ya ci da zafinsa, ta tafi.

Washegari da safe ya tarar ta riga shi shiri, ta ci ɗamara da tsohon gyale.

"Ina za ki haka? Kasuwa fa?"

"Kasuwa ba ta gudu. Yau ni ce yaronka."

"A wannan makon za ki rufe rumfa? Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Wuce mu je, Baban 'yan biyu, rana na yi."

Ita ta ɗaga tsanin da kanta, ya ga ba dama ya kama mata suka jingina shi. Ta sa ƙafa ta danne gindinsa, ta riƙe da hannu biyu, ta miƙa masa ƙaramin bokiti da abin kankara. Ya yi zaton za ta fara lallashi, har ya shirya abin da zai ce. Sai ta ce:

"Af, na manta ban gaya maka ba. Yayarka ta aiko, wai da yaranta duka za ta zo bikin nan. Na ce mata babu wuri."

"Kin ce mata me?"

"Babu wuri. Hau mana, hannuna zai gaji. Waccan shekarar da ta zo, wa ya kwana a ƙasa? Ni. Wa ta ce miyarta ta yi gishiri? Ni."

"Yayata fa! Ita ta goye ni!" Ya taka tsanin yana huci. "Ko a kan kaina za ta kwana sai ta zo."

"Sai ka gina mata bene a kan naka kan. Da munsharinta kamar injin niƙa."

"Naki dangin fa? Ƙaninki da ya zo kwana biyu ya yi wata?"

Yana magana yana hawa, yana hawa yana waiwayen zancen, har sai da ya ga tagar sama daidai fuskarsa, da labulen Malama a ciki. Nan maganar ta maƙale. Gwiwoyin suka fara rawa, tsanin ya ɗauki rawar har hannun matar. Ya rungume ƙarfen, ya runtse ido. Ƙasa ba ta hawo masa ba, sama ba ta sauko ba. Waƙar yaran coci ta yi nisa kamar daga wani gari take zuwa.

Maman 'yan biyu ta bar zancen yaya. Ta ce, da muryar da ba ta kasuwa ba, "Ina nan. Na riƙe. In ka ga saukowa, sauko, babu wanda zai ji a bakina."

Ya daɗe a haka. Da ya buɗe ido, bai kalli ƙasa ba, bangon ya kalla, domin shi ne a gabansa. Sai ya hango gidan zanzaro manne a ƙasan katakon rufi, sama kaɗan da inda hannunsa zai kai. Mai fentin da ya yi aikin a da bai kankare shi ba, kansa kawai ya bi da fenti, ga shi nan ya yi tudu kamar ƙurji.

"Dubi wani aikin banza," ya ce a ransa. Sannan ya faɗa a fili, "Wane ɗan iska ne ya shafe gidan zanzaro?"

Ya miƙa hannu, bai kai ba. Ya ƙara taku. Ya kankare, busasshiyar laka ta zubo wa matarsa a ka. Gefen wurin ma ya ga fenti ya kumbura, ya ƙara matsawa ya kankare shi. Gwiwoyin ba su daina rawa ba, amma hannun ya tuna aikinsa.

"Miƙo mini shuɗin," ya ce.

Kafin rana ta take, layin ya ankara. Tela ya tsayar da kekensa, masu kitso suka juyo da kawunan da ke hannunsu. Wani direban tasi ya leƙo ya yi ihu, "Ƙadangare ya koma bango!" Malama ta fito baranda da kofin ruwa, ta miƙa masa ta saman ƙarfe, tana mamakin abin da ya tara mutane. Galan ya iso, ya cire hularsa ya yi fifita da ita, ya ce shi dama ya san bangon ne bai bushe ba.

Abin da kowa ya sani zai faru ya faru. Shuɗin ya ɗiɗɗiga a kan ruwan ƙwan da aka yi kwanaki ana lallaɓawa, ya yi masa zane kamar hawaye. Dole Ƙadangare ya sake shafa ƙasan gaba ɗaya, wannan karon a kan ƙa'ida, yana fito. Gyalen Maman 'yan biyu ma ya sha nasa rabo, ta ce sai ya saya mata sabo, kuma yayarsa ta zo, amma da tabarmarta.

Jikokin sun iso ana saura 'yan kwanaki biki. Uwarsu ta fito daga mota, ta tsaya a tsakiyar layi da jaka a hannu, tana kallon gidan yadda ta san shi tun tana yarinya, ta kasa shiga. Kafin nan Ƙadangare ya riga ya karɓi aikin wani otal mai hawa uku.

A can na same shi, ya sauko cin abinci, yana zaune a kan gwangwani. Na tambaye shi ko tsoron ya tafi ke nan.

Ya yi dariya, ya goge hannu a wandonsa.

"Ina zai je? Kullum tare muke hawa. Sai dai yanzu shi ke riƙe bokiti, ni ke riƙe buroshi."