Buhun Angire Zuwa Garkar Yaya

Mun bar Mayahi ana sallame sallar asuba, ni da abokina mai moto, wato babur, da buhun angire ɗaure a bayana, takin zamanin nan fari mai kama da sukari. Na yayana ne, mai garkar rake a wata fadama bayan Hawandawaki. Shekara biyu ke nan rakensa na fitowa rawaya, siriri kamar karan gero, har ya rantse in bana ma haka ta faru zai bar garkar ya tafi arewa haƙar zinariya. Mutumin da furfura ta cinye wa gemu! Maganar ta hana ni sukuni.

Hanyar Tasawa ba ta san tausayi ba. Buhu na dukan bayana, ni ina dukan bayan mai tuƙi. A Tasawa muka zuba wa moto isanshin kwalba, wato fetur, wanda ya ƙara tsada tun zuwana na baya, muka ci dambu da zogale a tsaitsaye. Daga nan sai rairayi. Inda moto ta ƙi, mu sauka mu tura, amalanken jakai na wuce mu, masu su na yi mana sannu da wani murmushin da ban so ba. Wani makiyayi ya sam mana nono, Allah ya saka masa.

Mun isa bayan azahar, ƙafafuna kamar na aro. Ban ko huta ba na zazzage wa Yaya bayanin da wani malamin gona ya yi mani. Kada a watsa angire bisa ƙasa cikin rana, iska ke kwashe ƙarfinsa. A tona gefen saiwa a binne. Ruwa kuma kaɗan, don ƙasarmu rairayi ce, in an malala sai ya nutse da takin inda saiwa ba ta kaiwa. Babban abu shi ne a raba shi uku, ana ba rake yana girma.

Yaya ya bari na gama, sannan ya ce, "Binnewa na yarda. Rabawa ce ba ni iyawa. Yau za ni zuba shi duka."

Raina ya ɓaci. Duk wannan hanyar, don taurin kai?

"Kai dai zamna ka gani," in ji shi.

Kafin la'asar na gani. Labarin buhu ya zagaye gari. Kawunmu ya zo da kwano, wai albasarsa ta yi laushi. Surukin Yaya ya biyo. Sai tsohuwar da ta goye shi yana jariri, ta dogaro sanda da kanta. Babu wanda ya yi roƙo kai tsaye, sai doguwar gaisuwa, ido na kan buhu. Kowa ya tashi da ɗan abin da ya samu.

"Wa za ni hana cikinsu?" Yaya ya tambaye ni. "In na aje shi ɗaki, sati ba ya kai."

Ashe abin da ke sa shi juye buhu rana ɗaya ke nan, ya bi da ruwa, takin ya tafi a banza. Tausayinsa ya kama ni. Muka shirya zai binne kashi ɗaya, ni in koma da sauran Mayahi, in riƙa kawowa lokacin da rake ke so. Wato na ɗora wa kaina wannan hanyar har sau biyu nan gaba.

Da safe muka duƙa da fartanya, muna tonawa muna rufewa, har bayana ya ƙage. Muka sake ɗaure buhu, muka sake tura moto cikin rairayi.

Tafiyar ta koya mani cewa ba rashin sani kaɗai ke ɓata taki ba, akwai kunyar ido, kuma malamin gona bai faɗi maganinta ba. Ina wannan tunani ina kwance igiya a ƙofar gidana, sai ga maƙwabcina, wanda ya kula mani da iyali ina can, mai ɗan lambun tumatir.

"Sannu da hanya. Angire ne wanga?"

Na buɗe baki in ce na yayana ne, sai na ji ina cewa, "Kawo kwanonka."

Yaya bai sani ba tukuna.