Dattin Motar Didier

Duk ƙauyen Arnage an san Ginette Touchard da datti ba sa ga-maciji. Wanki ne sana'arta tun tana budurwa, kuma idan watan Yuni ya kama, aka rufe tituna saboda tseren motoci na awa ashirin da huɗu na Le Mans, ita ke wanke wa kanikawa kaya. Riga ta zo mata baƙa ƙirin da man inji, ta koma fara tas. Sai kuma Allah ya haɗa ta da Norbert, mutumin da ya mayar da datti abin ado.

Norbert mai tuta ne a kwanar Arnage, cikin masu tsayawa bakin titi suna yi wa direbobi alama. Sauran shekara kuwa, da ya taso daga aikinsa na gidan waya, sai ya shige ɗakin baya ya hau haɗa ƙananan motocin tsere, kowace ba ta kai tafin hannu ba. Ya yi mata fentinta na asali, shuɗi da ruwan lemo ko ja da fari, ya liƙa lamba, ta fito tana ƙyalli. Daga nan sai ya ɓata ta. Ya ɗiga mata gawar ƙwari a goshi, ya shafa baƙin hayaƙi a gefe, ya manna salatif a fitilar da ta fashe, daidai yadda ta ainihin ta ƙare tseren. Cewa yake mota mai tsabta ba ta je ko'ina ba.

Suna sabon aure Ginette ta ɗauki ɗaya ta wanke da sabulu, a zatonta gwaninta ta yi. Norbert bai yi faɗa ba, abinci dai ya kasa ci ranar. "Ka ji mutum," in ji ta, "ka auri mai wanki kana kukan an yi wanki." Tun daga nan ba ta ƙara taɓa masa mota ba, shi ma bai ƙara shiga mata falo da takalmi ba.

Zamanin ya yi daɗi, ba ƙarya. Lokacin a garejin ƙauye ake gyara motocin tsere, a tuƙa su ta titin kowa da kowa zuwa fili, mutane na ɗaga musu hannu daga ƙofar gida. Ginette kan cika kwando da burodi da dakakken nama ta kai wa ƙanenta Didier, bakanike da ya ƙera mota a rumfa shi da abokansa, rawaya mai koren layi a tsakiya. Sau ɗaya tak ya shiga tseren. Motarsa ce ta zo ta ƙarshe, amma ta gama, unguwa ta kaure da shagali kamar kofi ya ɗauko.

Wannan motar ce kaɗai Norbert bai ƙarasa ba. Ya haɗa ƙaramarta, ya yi fenti, ya ajiye ta fes shekara da shekaru, don ranar yana can kwanarsa da tuta, bai ga yadda ta shigo ba, hoton da ake da shi kuma daga nesa aka ɗauka. Kullum cewa yake zai zaunar da Didier ya tambaye shi. Didier ya rasu da hunturun da ya wuce, ba a zauna ba. Ga idon Norbert ya soma dushewa, likita kuma bai ɓoye masa ba cewa ganin tafiya yake yi.

Wata safiya ya turo mata motar a kan tebur, kusa da kofin shayinta.

"Tsohuwa, ke kin gan ta ranar. So nake in ga motar nan a gama kafin a kashe min fitila."

"To ni me ya shafe ni? Ga buroshinka can."

"Buroshin biyu-biyu nake ganinsa. Ke za ki yi."

"Ni? In ɗauki datti da hannuna in shafa wa abu mai tsabta? Norbert, tsufa ya fara taɓa maka kai."

"Ai kin fi kowa sanin datti. Rayuwarki kaf shi kike kallo."

Ta yi tsaki, amma ta jawo kujera. Tsoro take ji sosai, kada ta yi nawa har ya daina gani ba a gama ba. Ta rufe ido ta tuno motar: man da ya zubo ta gefen hagu har ya ɓata mata rigar zuwa coci, taɓon da ya daskare a bayan taya saboda ruwan da aka yi. Shi kuma yana gefe yana ba da umarni.

"Rage ruwa. A'a, kada ki goge. Ke dai hannunki in ya ga baƙi sai ya goge."

"In ka ƙara magana, wallahi sabulu zan ɗauko."

Sun ɗauki kwanaki suna yi. Kullum in ya ɗauki motar zai duba, sai ya matso da ita kusa da hanci fiye da jiya, ya ce ta yi kyau. Ginette tana lura, amma ba ta san ko gani yake ko lallashinta yake yi ba. Ranar ƙarshe ta tuna wani abu da ba ta taɓa faɗa masa ba. Da Didier ya fito daga motar, rufin ya dafa don kada ya faɗi, tafin hannunsa ya fito sarai cikin ƙurar. Ta ɗauki allura ta kankare tafin nan a rufin, ƙanƙani, bai kai ƙwayar wake ba, ta miƙa masa motar ba tare da ta nuna masa wurin ba.

Norbert ya kai motar taga, ya sa gilashin ƙara girma, ya daɗe yana juya ta. Ginette ta riƙe bakin tebur.

"Gefen hagu ya yi," ya ce.

Ya sake juyawa, sai hannunsa ya tsaya cak a kan rufin.

"Yatsu huɗu," ya ce a hankali. "Har wanda inji ya cinye masa kin tuna."

Ginette ta juya masa baya, ta ja gefen rigarta ta share ido.

"Duba sosai, tsoho," ta ce. "Yau ba sauri muke ba."