Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa

Idan an gama girbin gero a Turba, mu jikoki sai mu kewaye murhun kakarmu Inna Kulu, tana tura kara a wuta, muna gasa gyaɗa. Tatsuniyoyinta duk na dariya ne, ban da guda ɗaya.

Labarin wani Saje ne, babba a sojan Turawa, da ya sauka Gatawa ya auri wata yarinya. Ba wanda ya san danginsa, sai dai tsagar Gobir a kumatunsa. Ya koya mata dafa shayi, ita kuma ta hana shi shiga ɗaki da takalmi. Tana da ciki aka busa ƙaho, aka tafi da su yaƙin Bama. Ta yi ta jira har ɗan ya fara tafiya, sannan iyayenta suka tabbata ya mutu.

Ni da bakina ba ya shiru, na taɓa tambayarta sunan Sajen. Ta gyara itace, ta ce, "Kai ɗan nema, macce ba ta hwaɗin sunan mijinta." Muka yi dariya. Ba mu gane ta ba mu amsa ba.

Sai da babana ya kwanta ciwon ajali ya gaya mini shi ne ɗan. Mijin Inna na biyu ya riƙe shi, ya ba shi sunansa, shi kuma kunyar wannan alheri ta hana shi tambaya. Lokacin Inna ta daɗe da rasuwa. Babana ya roƙe ni in nemo masa sunan mahaifinsa, ko sau ɗaya ya ambace shi a addu'a.

Na je Gatawa. 'Yan bindiga sun watsa garin. Tsofaffin garin da na samu a Sabon Birni suna gudun hijira sun tuna mutumin dogo ne, yana da fara'a, amma su ma Saje suka sani. Na dawo hannu wofi, babana ya rasu.

Bayan shekaru ina alwala na tuna mai gishirin da ke zuwa mana daga Nijar da jakinsa. Kowa na kiransa Habu. Inna kaɗai ke cewa "mai jakin nan", tana sunkuyar da kai. Ɗan maƙwabcinmu Habu ma ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Na zauna na yi kuka. Sunan yana gidanmu tun farko, kunyarta ta adana shi. Ɗana na fari Habu ne, kuma da shi nake zuwa kabarin babana.