Gamsheƙa a Bayan Rumbu

Wata Laraba ce bayan girbin dawa, shekarar da na shiga ƙaramar sakandare, na ji wani huci a bayana kamar an yayyafa wa garwashi ruwa. Ina zaune a maɓoyata, ƙafafu a miƙe, littafin hikaya na aro a kan cinyata. Ƙauyenmu yana gefen dajin Falgore, kuma a gidanmu yarinya ba ta zama da littafi a fili alhali ga surfe, ga wanke-wanke, ga awaki suna jiran dusa. Shi ya sa nake lallaɓawa bayan rumbu, inda Baba ke jingine kara, in saci karatu kafin Inna ta ƙwala mini kira. Kajin da ke tono kusa da ni ne suka fara watsewa. Ɗago kan da zan yi, sai ga baƙin abu tsaye, wuya a baje kamar ludayi. Daga nan ban ƙara ganin komai ba.

Ji na yi kamar an cusa mini dakakken barkono a ido biyun, ina birgima cikin kara ina kiran Inna. Muryarta na ji a kaina tana salati. "Gamsheƙa ce! A kawo nono!" A wajenmu abin da aka sani ke nan. Hinde, matar wana, tana goyo a lokacin, ta durƙusa ta tatsa mini a ido ana danne da hannuwana. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono kullum ta ajiye ƙwaryarta ta ruga rugarsu, ta dawo da madara sabuwar tatsa, aka yi ta kwarara mini har rigata ta jiƙe sharkaf.

Baba ya so a tafi asibiti, amma kakata ta hana. "Idon da gamsheƙa ta tofa ba ya son haske, kuma can ƙwaƙule shi za su yi." Wa zai yi musu da ita? Aka ɗaure mini fuska da baƙin ƙyalle, aka kwantar da ni a ɗakin Inna.

Kwanakin nan ba na fatan su ga maƙiyi. Ina jin 'yan ajinmu suna wucewa da safe, da yamma ina jin ana gaɗa a dandali, ni kuwa ina kwance, ido ya kumbura yana ruwa. Masu zuwa dubiya su ce "Allah ya sa kaffara ne," da sun fita tsakar gida kuma su rage murya, su kawo zancen wani tsoho a Doguwa da haka ta same shi, wanda yanzu jagora ake yi masa. Sun ɗauka ba na ji. Sai in riƙa zana haruffa da yatsa a kan tabarma don kada in manta kamanninsu, in yi kuka, kukan ya ƙara mini zafi.

Wata rana Inna tana ɓarar gyaɗa a gefena ta ce, "To ke, wannan littafin da ya kai ki bakin maciji, me ke cikinsa ne? Ba ni in ji." Inna ba ta yi boko ba. Na ba ta labarin har inda na tsaya, ta ce, "Sai kuma aka yi yaya?" Ban sani ba, amma ina tsoron ta tashi ta bar ni cikin duhun nan ni kaɗai, sai na ƙaga na ci gaba. Washegari Hinde ta shigo da nata faifan, tana sauraron labarin tana tsaki: "Kai, wannan mutumin ba shi da mutunci!" Ba ta san ni na yi shi ba. Duk labarin da na rubuta tun daga lokacin, daga ɗakin nan ya fito, don har yanzu da nake rubutu a waya mutane suna karantawa, tsoron nan ne dai na kada mai saurare ya tashi.

Ranar da ƙyallen ya manne da mugunya, Baba bai nemi shawarar kowa ba. Ya ɗora ni a babur, Inna a bayana, sai asibitin Tudun Wada. Ma'aikaciyar ido ta jiƙa ƙyallen ta ɓamɓare a hankali, ta yi faɗa a kan ɗaurin, ta ce wankin da aka yi da wuri ne ya taimaka. Ta ɗiga magani, ta haska fitila ta duba. Ni dai ina damƙe da zanen Inna, sai na ji ma'aikaciyar ta ce:

"'Yan mata, kwantar da hankalinki. Idon nan zai warke."

A dishi-dishi na ga fuskar Inna, duk ta rame. Yanzu kullum ina ganinta tar, amma ban ƙara kallonta irin na ranar ba.