Tayil ɗin da Ƙafar Inna ta Zaɓa

Shekarar da na ƙarasa ginina a Unguwar Dosa, idona ya rufe a kan tayil. Ni da maiɗakina mun yi ta zarya a shagunan gefen Babbar Kasuwa muna shafa sababbin yayi: manya-manya masu tsawon ƙyauren ɗaki, farare tas, da zanen ruwan zinare kamar marmara. Wani an yi shi kamar katako, sai ka ƙwanƙwasa kafin ka yarda ba itace ba ne. Wani kuwa dutse ne na gaske da ake manna wa bangon talabijin. Har gobe ina jinjina wa masu ƙera su. Muka shimfiɗa mai sheƙin a falo, in na shigo in ga fuskata a ƙasa, in ji ni ma na zama wani.

Sai na ɗauko Inna, mahaifiyata, daga tsohon gidanmu na Kurmin Mashi, inda take zaune ita kaɗai tun rasuwar Baba. Ta tsaya a bakin falo ta ce, "Ruwa aka zubar a nan?" Muka yi dariya, ita ba ta yi ba. A kan irin wannan daɓen ne ƙanwarta ta zame da lemar alwala a ƙafa, ta karye a ƙugu, ba ta ƙara miƙewa ba. Inna ta riƙa bin bango kamar mai koyon tafiya, jakarta ma ta ƙi buɗewa. A kwana na huɗu ta ce in mayar da ita gida. Gaskiya na ji ciwo, na kuma ji tsoro, don can ko ta faɗi babu mai ɗaga ta.

Mai sa mana tayil dattijo ne, Kirista ɗan kudancin Kaduna, ba shi da yawan magana. Ɗakin Inna da banɗakinta ne suka rage masa. Na ce ya ci gaba da mai sheƙin, ma shimfiɗa kafet.

Ya ce, "Oga, kafet a wurin alwala? Ni ba na sa tayil sai na ga ƙafar da za ta taka shi. Na falo, ƙafarka na gani. Bari in ga ta Mama."

Washegari ya zo da samfuri shida a keke napep, ya jera su a tsakar gida, ya ari buta ya jiƙa su sharkaf. Ya miƙa wa Inna hannu ya ce, "Mama, cire takalmi. Kar ki duba kyau, ki bar ƙafa ta faɗa mana."

Ta taka na farko ta ƙanƙame shi. Haka na biyu, haka na uku. Na ƙarshen toka-toka ne, ba sheƙi, da ɗige-ɗigen tsakuwa a jikinsa. Ta hau, ta murza diddige, ta sake murzawa, sai ta saki hannunsa. Ta duba ƙasa ta ce, "Ɗan nan, ai wannan irin daɓen kwatas ɗin da muka fara zama ne a Malali, inda wannan ya yi rarrafe." Ta nuna ni da haɓa. Na ɓata rai, ina ganin an mayar da ni tsohon yayi. Dattijon ya yi dariya ya ce wannan tayil ɗin ne sabon da masu hali ke rububi yanzu.

Bai tsaya nan ba. Ya sa ta nuna masa yadda take zama in za ta yi alwala da inda take ajiye buta. Ya gina mata ɗan dakali na dutse daidai gwiwarta, ya karkata daɓen yadda ruwa ba ya kwanciya. Sannan ya zo da maganar da ta fi sosa mini rai: zai ɓamɓare layi biyu na falona, ya sa irin na Inna daga ƙofarta har kicin. Na kalli marmarata, na ce ya yi.

Ranar da aikin ya bushe, ina zaune bayan la'asar Inna ta fito da ƙafa a jiƙe. Ta ratsa falon ba ta taɓa bango ba, ta leƙa kicin ta ce wa maiɗakina, "Zo ki kama mini mu zazzage jakar nan, zannuwana sun fara warin ajiya."