Gashin da Likita Ya Ce a Yi Mini

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Ƙawayena da kuka yi ta turo saƙo ban amsa ba, ku yafe mini. Jinya nake yi, kuma kun san ni da nauyin baki.

Da damina abin ya faru. Yayana ya ɗauko ni a babur daga Sabon Birni za mu gida Kurawa, taya ta zame a laka, na faɗi a kan gwiwata ta dama. Na ɗauka targaɗe ne. Kafin gari ya waye gwiwar ta kumbura, ko taka ƙasa ba na iyawa.

Baba ya sayar da geron da ya ajiye, aka kai ni asibiti a Sakkwato. Hoton ƙashi ya nuna ƙoƙon gwiwar ya tsage. Aka naɗa mini siminti daga cinya har idon sawu.

Ranar da aka cire, likita ya duba sabon hoto ya ce, "Ƙashi ya haɗe. Saura gashi. A tabbata ana yi mata gashi, in ba haka ba gwiwar za ta sandare."

Baba ya ce to. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ma ta ce to. Ni ina da tambaya, amma mutane sun cika ƙofa suna jira, sai na haɗiye ta.

Mu a gida gashi ɗaya muka sani: ruwan zafi da tsumma.

Kullum safe da yamma Kaka za ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta gasa mini gwiwar, ta shafe ta da man kaɗanya. In na motsa ta ce, "Kwanta, ke! Ƙafar da ake gashi ba a wahalshe ta."

Fata ta saɓule, gwiwa ba ta lanƙwasu ba. Ƙafar ta rame ta koma kamar taɓarya. Salla a kan kujera nake yi. Shiga bayi kuwa, ba za ni faɗa ba. Aka koma makaranta ina kwance. Na fara jin tsoron haka za ni ƙare rayuwata, ina jan ƙafa.

Sai Goggo Rabi ta zo daga Isa. Ƙanwar Baba ce, ta karanta ilimin motsa jiki a jami'a, tana koyarwa a makarantar 'yan mata. Kaka ba ta taɓa kiran karatun nan da sunansa ba, digirin tsalle take ce masa.

Goggo ta tarar ana gasa ni. Ta tsaya ta ce, "Inna, mi kike yi haka?"

"Gashi nika yi. Likita ya ce."

"Inna, gashin ƙashi yake nufi. Na asibiti. Motsa ƙafar ake yi, a lanƙwasa, a miƙe."

"To shi mi ya hana shi cewa motsi? Gashi dai da wuta aka san shi tun kafin a haife ki."

"Wanga ba wuta cikinsa."

"Ke dai kin samu inda za ki gwada tsallenki."

Goggo ba ta ce ita likita ce ba. Ta mayar da ni Sakkwato, sashen gashin ƙashi. Wata ma'aikaciya ta auna iyakar inda gwiwar ke lanƙwasuwa. Sannan ta ce an makara, amma ba a rasa ba. In ba ta saki ba, sai an sa ni barci an lanƙwasa ta da ƙarfi, ko a yi aiki.

Na yi kuka a mota har muka wuce rabin hanya.

Zuwa Sakkwato a kai a kai ya fi ƙarfinmu, ga kuɗin mota, ga halin da hanya take ciki. Sai ma'aikaciyar ta nuna wa Goggo atisayen da za a riƙa yi, na koma ɗakin Goggo a Isa, muna zuwa asibiti lokaci-lokaci a duba.

A kan tabarma muke yi. In saƙala ɗankwali a tafin ƙafa, in jawo diddige a hankali. In zauna bakin gado in saki ƙafar ta rataya. Daga baya ta ɗaura mini ɗan ƙullin yashi a idon sawu ina ɗagawa.

Akwai zafi, ba za ni ɓoye muku ba. Amma Goggo ta koya mini bambanta shi. Ta ce, "In kin ji yana ja, daure. In kin ji yana suka, tsaya ki gaya mini." Ta san sunan kowace tsoka da aikinta. Ni da na ɗauka gudu kawai suke yi a jami'ar.

Wata rana na ce na gaji, ba ni ƙarawa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To huta. Za ni dafa shayi, in na dawo mu yi rabi." Muka yi duka.

Da aka sallame ni na je Kurawa. Na shiga ɗakin Kaka, na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Ban shirya ba, jikina ne ya yi abin da ya saba. Ta zuba wa gwiwar ido, ta daɗe. Sai ta ce, "Tashi kar ki ɓata wa Rabi aiki." Ta juya tana share fuska da gefen zane.

Alhamdulillahi. Na koma makaranta, ina sujada da goshina a ƙasa. Gudu ne ban fara ba tukuna.

Na gode wa Allah. Na gode wa Baba, da ma'aikatan asibiti, da Goggo Rabi da karatunta. Na gode wa Kaka, da ba ta taɓa fashin hura wuta saboda ni ba.

Duk wanda aka cire wa siminti, don Allah kada ya kwanta jiran ƙafa ta saki da kanta, kuma kada ya lanƙwasa ta da ƙarfi ba da sanin masana ba. In likita ya faɗi kalma, ko kuna ganin kun san ta, ku tambaye shi yadda ake yi da inda ake yi. Masu jira a ƙofa za su yi haƙuri. Ni kunyar tambaya ɗaya ta kusa raba ni da gwiwata.