Tabon da ke ƙaurin kocinmu

Ɗazu ƙanena Sani ya karye a ƙafa muna tsaka da atisayen ƙwallo a unguwar Mahjar, nan ƙasar waje. Na ce sai wurin mai ɗori, don iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta mutu, asibiti kuwa takarda za su fara tambaya.

Kocinmu, Baturen Ingila, tsohon ɗan wasa, ya tare ƙofar mota. Na daka masa tsawa: "Matsa, malam! In aka kama shi, kai za a kora?"

Sai ya naɗe wando, ya nuna min dogon tabo a ƙaurinsa. "Wannan ya raba ni da ƙwallo. Ni ma ɓoyewa na yi. Yalla, mu tafi asibiti."

Yanzu Sani yana ciki, ni ina waje, duk wanda ya gifta sai in zaci kama shi ya zo yi.

Da ku ne, ina za ku kai shi?